Yadda zaka kalli The Day of the Jackal na 1973 har ka gane dalilin da yasa bai tsufa ba

Fim ɗin nan ya haura shekara 50 da fitowa amma har yau in ana lissafin finafinan da aka gina akan yunƙurin kashe shugaban ƙasa sai kaji an ambace shi a sahun gaba, kuma duk da haka mutane da yawa in sunji ana kuranta shi sai su nemo su kunna, suyi minti ashirin su kashe, suce wai ba komai a ciki sai wani bature siriri mai ɗaura ƙyalle a wuya yanata yawo daga laburare zuwa maƙabarta zuwa shago. Eh yawon yana nan, amma fa yawon shine fim ɗin, kuma akwai yadda ake zama a kalle shi. In ka shigo da idon da kake kallon finafinan faɗa na yanzu inda duk minti biyar sai mota ta kama da wuta, to wallahi barci zai ɗauke ka tun kafin a isa Italiya.

Fara da tabbatarwa cewa na asalin ka samo, don abu uku ne ke yawo da suna kusan iri ɗaya. Namu shine na 1973, daraktansa Fred Zinnemann wanda yayi High Noon, Edward Fox ne ya fito a makashin, tsawonsa awa biyu da minti ashirin da 'yan kai. Akwai The Jackal na 1997 mai Bruce Willis da Richard Gere, wannan Amurka aka maida labarin kuma kusan sunan ne kawai ya haɗa su, shi kansa Zinnemann bai yarda a saka masa cikakken sunan fim ɗinsa ba. Sai mai dogon zango na 2024 da Eddie Redmayne ya fito, shima zamanin yanzu aka kawo shi da wayoyi da kwamfuta. In ka kunna kaga mutum riƙe da wayar hannu to ba shi bane, koma ka sake nema. Ka nemi mai rubutun magana a ƙasa in da hali, saboda duk da cewa kowa turanci yake yi a ciki har da Faransawan, sunaye suna da yawa kuma wasu 'yan wasan harshensu na Faransa ne, sai kalma ta wuce ka baka sani ba. Sannan ba fim bane na zama da yara, akwai wuraren ɗakin kwana guda biyu ko uku da kuma inda ake azabtar da mutum.

Kafin ka danna, ka baiwa tarihin minti goma, don fim ɗin a gurguje yake bayaninsa a farko kuma in bakasan dalilin da yasa sojojin Faransa ke son kashe shugabansu ba zaka ɗauka 'yan ta'adda ne kawai irin na kowane fim. Faransa ta shiga Aljeriya tun 1830, kuma bata ɗauke ta kamar sauran ƙasashen da ta mallaka ba, gani take wani yanki ne na Faransa kanta, turawa kusan miliyan ɗaya ne ke zaune a can wasu tun kaka da kakanni. A 1954 ƙungiyar 'yan Aljeriya mai suna FLN ta ɗauki makami tana neman 'yanci, yaƙin yayi muni sosai har ya girgiza gwamnatin Paris, shine a 1958 aka dawo da Janar Charles de Gaulle kan mulki, sojoji da turawan Aljeriya sukata murna suna ganin nasu ne yazo zai riƙe musu ƙasar. Sai mutumin ya duba ya ga yaƙin ba mai ciwuwa bane ya nufi sulhu. Su kuma suka ɗauki wannan a matsayin cin amana, a watan Afrilu 1961 wasu janarori huɗu suka gwada juyin mulki daga Aljeriya abin ya ci tura, waɗanda basu haƙura ba suka nutse cikin ƙungiyar sirri mai suna OAS. A watan Maris 1962 aka sa hannu a yarjejeniyar Evian, a watan Yuli Aljeriya ta samu 'yancinta.

Ranar 22 ga Agusta 1962 ne suka kusa samun abinda suke so. A wata unguwa a gefen Paris mai suna Petit-Clamart suka yiwa motar de Gaulle kwanton ɓauna, Citroën DS ce, yana ciki da matarsa, aka zuba mata harsashi sama da 180, tayoyi suka fashe amma direban ya riƙe sitiyari ya wuce, ba wanda ya mutu a cikin motar. Wanda ya shirya harin wani Laftanar Kanar ne na sojan sama, Jean-Marie Bastien-Thiry, an kama shi an yanke masa hukunci an bindige shi ranar 11 ga Maris 1963. Duk wannan ya faru da gaske kuma da shi fim ɗin ya buɗe. Daga inda shugabannin OAS da suka rage suka zauna a wani ƙaramin masauki a Viyana sukace tunda duk namu an sansu bari mu ɗauko baƙo daga waje wanda ba shi a kundin 'yan sandan kowa, daga nan ne ƙirƙira ta fara. Ka riƙe wannan layin a ranka, don mutane da yawa suna gama kallo su tafi da tunanin wai akwai wani bature da aka taɓa biya dala dubu 500 ya kashe de Gaulle. Frederick Forsyth ne ya ƙago shi a littafinsa na 1971, sai dai shi Forsyth ɗan jarida ne da yayi aiki da Reuters a Paris a daidai shekarun nan, shi yasa ƙaryar tasa ta zauna daram akan gaskiya har baka ganin inda aka haɗa.

To yanzu abinda yafi komai muhimmanci, ka shiga da sanin cewa de Gaulle bai mutu da harsashi ba. A gidansa ya rasu a watan Nuwamba 1970, shekara ɗaya da wani abu bayan ya sauka daga mulki, kuma duk wanda ya shiga silima a 1973 yasan da haka. Kenan tambayar "zai kashe shi ko bazai kashe shi ba" a mace take tun kafin a kunna. Kada ka ɓata hankalinka akanta. Tambayar da zaka riƙe itace, mutumin da ya shirya komai tsaf haka, ta ina abin zai kwance masa? Kamar ka zauna kallon maimaicin wasan ƙwallo ne da ka riga kasan sakamakonsa, tunda ba jiran waye zai ci kake ba sai idonka ya koma kan yadda ake buga wasan, kaga abubuwan da mai fargaba bazai gani ba. Da zarar ka sauya tambayar, duk wuraren da kake cewa sun cika jan lokaci zasu zama sune naman.

Daga nan sai ka sa ido akan hannaye. Fim ne na aiki, mutane suna aikinsu ana nuna maka mataki mataki ba gaggawa. Shi makashin, wanda ya zaɓawa kansa laƙabin Jackal wato dila, bayan ya karɓi kwangilar akan rabi yanzu rabi in an gama, abu na farko da yayi laburare ya tafi a Landan ya zauna yana karanta duk abinda aka rubuta akan de Gaulle, yana neman rana ɗaya da wuri ɗaya da mutumin nan bazai taɓa ƙin fitowa ba komai barazana. Ba a gaya maka ranar ba, kaga dai ya rubuta abu ya ja layi. Sai ka ganshi a maƙabartar wani ƙauye yana duba duwatsun kabari yana neman yaron da ya mutu yana ƙarami wanda da ya rayu da sun zama sa'anni, da sunan yaron, Paul Oliver Duggan, ya nemi fasfo. Sai filin jirgi inda ya zare fasfon wani malamin makaranta ɗan Denmark daga jakarsa. Sai kasuwar gwanjo a Paris yana sayen tsohuwar kwat ta soja da hula, yana ciniki. Sai ya lallaɓa ɗakin wata tsohuwa mai kula da gidan haya ya ɗauki zanen makulli. A lokacin ba wanda zai maka bayanin me zaiyi da kwat ɗin ko makullin, kuma kada ka nemi bayani, ka ajiye su a ranka kawai kana lissafi, don kowane ɗaya zai dawo, wasu sai a minti goman ƙarshe. Ni a ganina nan ne sirrin daɗewar fim ɗin yake, yana ɗaukar mai kallo a matsayin mai hankali, ya baka kaya ya barka ka haɗa da kanka.

Wurin maƙerin bindiga a birnin Jenowa na Italiya kam ka zauna dashi sosai, in ma ta kama ka maido baya ka sake kallo. Dattijo ne mai ladabi, Cyril Cusack ya fito a rol ɗin, yana tambayar kwastomansa tambayoyi irin na ƙwararre, daga nisan nawa, kai ko ƙirji, mutumin zai kasance a tsaye ko yana tafiya, duk cikin natsuwa kamar ba ran ɗan adam ake magana akai ba. Jackal yana son bindiga siririya da za a warware ta gunduwa gunduwa ta shige cikin wasu bututun ƙarfe, bai faɗi dalili ba shi kuma dattijon bai tambaya ba. Ka kwatanta shi da ɗayan, mai buga takardun bogi, matashi mai surutu da kwaɗayi wanda yaga dama ta samu sai yace bari ya riƙe wasu takardun ya nemi ƙarin kuɗi. Dubi yadda Jackal ya rabu da kowannensu. Ɗaya ya biya shi sukayi sallama cikin mutunci, ɗayan kuma ya ƙare a cikin akwati. Ba wanda ya tsaya yana maka lacca akan halin mutumin, daga abu biyun nan ka gama saninsa. Bayan nan sai sanannen wurin kankana, ya rataye ta a bishiya cikin daji ya zana mata fuska, ya koma nesa yana harbi yana gyara saitin madubin da ɗan sukudireba, harbi gyara, harbi gyara, sai a ƙarshe ya saka harsashi na musamman guda ɗaya kankanar ta tarwatse gaba ɗaya. Babu jini ko ɗigo a wurin amma kasan kan wa kake kallo.

Kada ka tsaya neman waye akta waye bos yadda aka saba, zai rikita ka. Wanda kafi daɗewa tare dashi shine mugun, shi kuma wanda zai kama shi baya ma fitowa sai an ci kusan awa ɗaya. Sunansa Claude Lebel, mataimakin kwamishinan 'yan sanda, Michael Lonsdale ne ya fito, kuma ka lura da yadda aka fara nuna shi, yana cikin ɗakin tantabarunsa matarsa ta ƙwala masa kira wai minista na nemansa, ya tafi gaban manya a yamutse. Mutum ne mai sanyin murya da idon wanda bai samu barci ba, ba ya gudu ba ya tsalle, ya sa an kawo masa gadon tafi da gidanka cikin ofis shi da mataimakinsa Caron, wanda Derek Jacobi ya fito tun yana saurayi. Zinnemann da gangan ya ƙi ɗaukar babban tauraro a matsayin Jackal duk da akwai manyan sunaye da aka kawo, yana son fuskar da zata ɓace cikin taro, haka shima Lebel ba irin fuskar da ake sakawa a fosta bace. Ka kalle su a matsayin ma'aikata biyu da kowanne ya iya aikinsa, ɗaya shi kaɗai da jakarsa, ɗayan da gwamnati guda a bayansa amma hannunsa a ɗaure, saboda de Gaulle yace bazai canza ko abu ɗaya a tsarin fitarsa ba kuma ba a yarda maganar ta fita ba, kenan babu sanarwa a jarida babu hoto a bango, a ɓoye za a nemi mutumin da ba a san sunansa ba, ba a san fuskarsa ba, ba a ma tabbatar da ƙasarsa ba.

Ɓangaren binciken nan ka bishi da haƙuri don shine yafi ban sha'awa ga wanda ya tashi a zamanin intanet. 1963 ne, babu kwamfuta babu kamarar tsaro, in Lebel zai kira shugaban 'yan sandan wata ƙasa sai an yi bukin layi an jira. A Landan zakaga ma'aikata sun tsaya dare suna bin takardun neman fasfo ɗaya bayan ɗaya da hannu suna gwadawa da rajistar waɗanda suka mutu. A Faransa kuma kowane otal baƙo yana cika kati, 'yan sanda su zagaya su kwashe katunan a kai hedikwata, kafin katin ya isa teburin wanda ya dace mutumin ya riga ya kama hanya. Wannan jinkirin ba aibu bane, shine injin fargabar gaba ɗaya, kullum suna bayansa da 'yan awoyi, su iso ya tashi, su iso ya canza launin mota, farar Alfa Romeo ta koma shuɗiya, su gano Duggan ya koma ɗan Denmark. Da za a baiwa Lebel wayar da ke hannunka yanzu da fim ɗin ya ƙare a minti arba'in. Kuma ka lura da abinda ba kasafai finafinai ke yarda su nuna ba, 'yan sandan Ingila sun kama zaren ne ta hanyar kuskure. Sun zargi wani mai suna Charles Calthrop saboda jita jitar cewa yana Jamhuriyar Dominika lokacin da aka kashe shugabanta Trujillo a 1961, kuma in ka haɗa farkon sunayensa biyu, Cha da Cal, zai baka sunan dila da Faransanci. Ka riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Ajiye waya a wani ɗakin. Ba wa'azi nake ba, dalili ne na aiki, fim ɗin kusan babu kiɗa a ciki. Georges Delerue ne yayi ɗan abinda ke farko, bayan nan sai ƙarar titi, takun takalmi, ƙarar waya, badujalar soja in ana fareti. A finafinan yanzu kiɗa ne ke taɓa ka yace ɗago kai abu zai faru, anan ba mai taɓa ka, in ka sunkuya duba saƙo ka ɗago sai kaga an riga an kashe mutum. Kuma ka fara ƙirga agogo, suna ko'ina, a bango, a tasha, a hannu, a ofishin minista, kamara tana yawan sauka akansu, da kwanan wata da ake ta nuna maka. Wanda ya yanka fim ɗin, Ralph Kemplen, har sunansa ya shiga takarar Oscar saboda aikin, kuma in ka kula zakaga dalili, ba ya barin fitowa ta wuce inda amfaninta ya ƙare, ana gama abinda ya kawo mu sai a yanke a koma ɗaya ɓangaren, Jackal, Lebel, Jackal, Lebel, kuma yankan yana ƙara gajarta yayin da ranar ke matsowa.

Akwai wani abu da zaka sa ido akai wanda ba a allo yake ba, a zuciyarka yake. Wajen tsakiyar fim zaka kama kanka kana so ya tsallake, in yazo bakin iyaka jami'an kwastan suna zazzage jakunkunansa bindigar kuma tana ɓoye a ƙarƙashin mota, zakaji gabanka na faɗuwa don kada a gano. Kada kaji kunya, haka aka gina shi, duk wanda ka daɗe kana kallon wahalar da yasha akan aiki sai kaji kana so aikin ya yiwu. Amma ka lura da inda darakta yake fara karɓe wannan goyon bayan daga hannunka. Akwai inda ya buga waya akace masa asiri ya tonu, ya iso mararraba, hanya ɗaya ta koma Italiya ɗaya ta nufi Paris, rabin kuɗin yana asusunsa a Suwizalan zai iya juyawa ba mai kama shi, ya ɗan tsaya sannan ya karya kan mota ya nufi Paris. Daga nan ba kuɗi bane kuma, girman kai ne na wanda baya son ace ya fara abu bai gama ba. Kuma daga nan waɗanda yake kashewa ba 'yan damfara bane, mutane ne da suka yarda dashi suka buɗe masa ƙofa, matar nan mai kuɗi Colette da Delphine Seyrig ta fito, da wani mutum a Paris da ya bashi masauki. Kisan ma a shiru ake yinsa, wani ko nuna shi ba a yi sosai, kuma fuskarsa bata canzawa. In ka iso nan har yanzu kana masa fatan alheri ɗari bisa ɗari to ka ɗan binciki kanka.

Suma masu gwamnatin ba a wanke su ba, wannan yana cikin abinda yasa nake ganin fim ɗin yafi da yawa daga cikin 'yan bayansa gaskiya. Sunan Jackal ɗin ma ta ina suka samo shi? Sato wani ɗan aiken OAS sukayi daga Italiya suka azabtar dashi har ya mutu, sannan wasu suka zauna suna sauraren faifan ihunsa suna rubuta kalmomin da suka fito. Majalisar manyan da ke zama kullum dare su saurari rahoton Lebel kuwa rabinsu raina shi suke, kuma daga cikinsu ne sirri ke zuba, ɗaya ya kwaso wata budurwa da OAS ta turo masa yana komawa gida yana zayyana mata komai. Yadda Lebel ya gano shi yana cikin wurare mafi daɗi, da aka tambaye shi ya akayi yasan wayar wa zai saurara, sai ya nuna musu ai bai sani ba, ta kowa ya saurara. Sai dai fa ka sani 'yan Aljeriya kansu, waɗanda akan ƙasarsu ake duk wannan rigimar, babu su a fim ɗin ko kaɗan, rigimar Faransawa ce tsakaninsu.

Daga nan zuwa ƙasa in baka kalla ba ka tsaya, je ka kalla ka dawo.

Ranar da ya ja wa layi a laburare itace 25 ga Agusta, ranar tunawa da 'yantar da Paris daga hannun Jamus a 1944, ranar da de Gaulle zai fito ya maƙalawa tsofaffin sojoji lambar yabo ko sama da ƙasa zasu haɗe. Yanzu sai kayan da ka ajiye su fara dawowa, kwat ɗin gwanjo, hular, lambobin yabo, takardar wani tsohon soja, makullin ɗakin sama, da bututun ƙarfen nan da ashe sandar gurgu ce. Ya naɗe ƙafa ɗaya ya ɗaure ya fito a tsohon soja mai ƙafa ɗaya, ɗan sanda matashi ya duba takarda ya tausaya masa ya barshi ya wuce. Ya hau sama, ya haɗa bindiga, ya saita, ya harba, kuma a daidai wannan daƙiƙar de Gaulle ya sunkuya don ya sumbaci kumatun sojan da ya baiwa lamba kamar yadda Faransawa keyi, harsashin ya wuce ya daki ƙasa. Mutumin da ya lissafa komai, abinda ya kayar dashi ɗabi'ar mutanen ƙasar ce da shi baƙo bai saka a lissafi ba. Ka lura fa ba Lebel ne ya hana harbin farko ba, ya makara, sai da ake ƙoƙarin saka harsashi na biyu suka fasa ƙofa, ɗan sandan ya faɗi, Lebel ya ɗauki bindigarsa ya gama aikin. Sannan a Landan sai ga Charles Calthrop na gaskiya ya dawo daga hutu ya tarar da ɗan sanda a gidansa, ashe ba shi da alaƙa da komai. Aka binne Jackal a kabarin da ba suna, Lebel kaɗai ya tsaya, kuma har aka rufe fim ba wanda yasan ko waye.

Shi yasa kallo na biyu yafi na farko daɗi, ka bari kwana biyu ka sake. A karo na biyu ka daina bin labari ka bi kaya, duk abinda ya saya ko ya taɓa ka tambayi kanka ina zai fito, ka duba lokacin da yake zagaya dandalin nan na kusa da tashar Montparnasse yana ɗaga kai yana kallon tagogi tun farkon fim, lokacin da kai ka ɗauka yawon buɗe ido yake. Ka kuma kula da Lebel a zaman majalisa, yadda yake shiru ana masa gadara yana jiran lokacinsa. In kana karatun turanci littafin ma ya cancanta, yafi fim ɗin bayanin siyasar OAS, kuma akwai bambance bambance, misali maƙerin bindigar a littafi a Beljiyam yake ba Italiya ba. Wani abu da ake yawan cakuɗawa, Carlos the Jackal, sanannen ɗan ta'addan nan ɗan Benezuwela mai suna Ilich Ramírez Sánchez, ba akansa akayi labarin ba, shine ma ya samu laƙabin daga littafin a 1975 bayan 'yan jarida sun ruwaito an ga kwafinsa a inda ya ajiye kayansa a Landan.

In ka gama kaji kana son ƙari, The Battle of Algiers na 1966 zaka fara nema don ka ga ɓangaren da wannan ya bari, yaƙin daga cikin lungunan birnin da idon 'yan ƙasar. Sai Z na 1969 na Costa-Gavras, wanda aka gina akan kisan ɗan majalisar Girka Grigoris Lambrakis a 1963, shi can kisan ya riga ya faru kuma hukuma ce ke rufa rufa, yafi wannan zafi da sauri. The Manchurian Candidate na 1962 da The Parallax View na 1974 na Amurka ne, sunfi karkata ga tsoron cewa akwai wasu a ɓoye da ke juya komai. Na Bruce Willis ɗin kuma ka barshi ƙarshe, ranar da kake son hayaniya kawai.